Yadda ake zama kocin ƙwallon raga ta mata a jami'o'in Amurka

In kana da burin zama kocin ƙwallon raga ta mata a jami'ar Amurka, abu na farko da zaka cire daga ranka shine wai dole sai ka kasance tsohon shahararren ɗan wasa. Ba haka bane sam. John Cook wanda ya riƙe ƙungiyar jami'ar Nebraska daga 2000 har ya yi ritaya a farkon 2025 kuma ya ci kofin ƙasa sau 4, malamin sakandare ne a San Diego, tarihi ya karanta a jami'a, abinda yake so ma shine ya koyar da ƙwallon Amurka irin ta maza, sai makarantar ta haɗa masa da 'yan matan ƙwallon raga, dole ya zauna ya koyi wasan daga tushe. Terry Pettit wanda Cook ya gada, digirinsa na biyu a rubutun waƙa ya yi shi, Turanci yake koyarwa a wata ƙaramar kwaleji mai suna Louisburg kafin Nebraska ta ɗauke shi a 1977. John Dunning kuwa malamin lissafi ne a sakandare, jami'ar Pacific ta kira shi a 1985, a shekarar farko ya ɗaga kofi, ya sake a 1986, daga baya ya ƙara 3 a Stanford. Toh kaga ƙofar ba ɗaya bace. Amma kar kuma wannan ya ruɗe ka, domin zamanin da ake ɗauko malamin sakandare a miƙa masa babbar jami'a kai tsaye ya kusa wucewa, yanzu kuɗi sun shiga harkar, gasa ta yi zafi, mafi yawan masu hawa suna hawa ne a hankali, mataki bayan mataki.

Ka fara sanin filin da kake son shiga tukuna. NCAA, babbar hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, tana da rukuni 3. Rukuni na ɗaya nan ne manyan suke, jami'o'i sama da 300, kuma 64 ne ke shiga gasar ƙarshe a watan Disamba. Rukuni na biyu kuɗinsu bai kai ba, sikolashif ɗin ma rarraba shi ake yi gutsure-gutsure tsakanin 'yan wasa. Rukuni na uku babu sikolashif na wasa kwata-kwata, yarinya zata zo ne saboda karatun da kuma son wasan. Bayan NCAA akwai NAIA ta ƙananan jami'o'i, akwai kuma kwalejojin shekara 2 da yawancinsu ke ƙarƙashin NJCAA. Mutane da yawa idonsu na kan rukuni na ɗaya kawai, suna raina sauran, ni kuma a ganina wannan babban kuskure ne. Mick Haley a kwalejin shekara 2 ta Kellogg a Michigan ya fara, ya zo ya ci kofi da Texas a 1988 da kuma USC a 2002 da 2003. Dan Fisher kofin NAIA ya fara ci da Concordia Irvine a 2012, Pittsburgh ta ɗauke shi a 2013, kuma daga 2021 zuwa 2025 ya kai su zagayen kusa da na ƙarshe shekara 5 a jere. A ƙaramar makaranta kai ne koci, kai ne mai tsara tafiya, kai ne mai lissafin kasafi, wani lokacin ma kai ne direban motar, kuma wallahi abinda zaka koya a nan cikin shekara 2 mai riƙe allo a babbar jami'a ba zai taɓa shi ba cikin 5.

Takarda dole ce. Kusan babu jami'ar da zata ɗauke ka cikakken aiki baka da digiri na farko, fannin bai cika damunsu ba, ka dai ga masu tarihi da waƙa da lissafi. Digiri na biyu yana ƙara maka daraja musamman a rukuni na biyu da na uku inda za a iya haɗa maka da koyarwa a aji ko wani aikin ofis. Hanya mafi wayo ta samunsa ita ce ka nemi gurbin ɗalibin digiri na biyu mai taimaka wa koci, su biya maka kuɗin makaranta su ɗan baka na kashewa, kai kuma ka yi musu aiki a fili. Russ Rose haka ya bi, ya yi digirinsa na biyu a Nebraska yana taimakawa a ƙungiyar, bincikensa ma a kan alƙaluman ƙwallon raga ya yi shi, a 1979 Penn State ta bashi aiki, bai bar wurin ba sai 2021, da kofi 7 da nasara 1,330 a hannunsa, har da 4 a jere daga 2007 zuwa 2010.

Amma kafin duk wannan, ka koyar. Ko ina ne, ka koyar. Nemi kulob na yara ko makarantar sakandare, ko da 'yan shekara 13 aka baka ka karɓa da hannu biyu. In kulob ɗin yana ƙarƙashin USA Volleyball, hukumar ƙwallon raga ta ƙasar, zasu nemi ka yi kwas ɗin share fagen kociyoyi na IMPACT da horon SafeSport na kare yara, a kuma binciki tarihinka, ba abu bane mai wuya. Dalilin da yasa nake dagewa a kan wannan shine koyar da yarinyar da bata iya komai ba shi ke nuna ko kai malami ne, domin ƙwararriya zata rufa maka asiri, amma 'yar koyo in bayaninka bai fita ba nan take zaka gani a hannunta. Kelly Sheffield na Wisconsin bai buga wa jami'a wasa ba, a garin Muncie na Indiana ya fara da yara, ya yi mataimaki a wurare daban-daban, ya riƙe Albany, ya riƙe Dayton, sannan Wisconsin a 2013, kofin bai zo ba sai 2021. Ka lissafa shekarun da kanka.

Daga nan sai sansanin horo na bazara. Kusan kowace jami'a tana shirya wa yara sansani a watan Yuni da Yuli kuma kullum suna neman hannu. Rubuta wa mataimakin koci ko mai kula da harkokin ƙungiyar, ba babban kocin ba, shi saƙonni sun masa yawa, ka ce kana son aiki a sansaninsu. Kuɗin ba wani abu bane, amma kwana 3 ko 4 kana fili ɗaya da mutanen da ke ɗaukar aiki, suna kallon yadda kake magana da yara, ko kana zuwa da wuri, ko kana kwashe ƙwallaye ba sai an ce maka ba. Gaskiyar magana yawancin ayyukan nan kafin a lika talla an riga an san wanda ake so, wayar da wani koci zai buga wa wani ita ke aiki. Ka shiga ƙungiyar kociyoyi ta AVCA wadda aka kafa a 1981, taronsu na shekara ana yinsa a Disamba a garin da ake buga wasannin ƙarshe, kuma daidai lokacin ne ake sallamar wasu ana ɗaukar wasu, in zaka iya haɗa kuɗin zuwa to ka je. Tallan aiki kuma ka riƙa duba shafin AVCA da na NCAA.

Wani abu da ya canza, da can ƙofar shiga rukuni na ɗaya ita ce kocin sa kai, mutum ya yi shekara yana aiki ba albashi. A Yulin 2023 NCAA ta soke wannan matsayin a rukuni na ɗaya ta mayar da shi cikin kociyoyin da ake ƙirgawa waɗanda za a iya biya. Na ji daɗin wannan sosai, don tsohon tsarin mai gata kawai yake wa amfani, wanda iyayensa zasu iya riƙe shi shekara guda. Sauran ƙofofin suna nan, mai kula da bidiyo da alƙaluma, mai tsara tafiye-tafiye da masauki, manajan ƙungiya tun kana ɗalibi, har da samarin da ake sawa su buga da 'yan matan a wajen atisaye, da yawa daga nan suka samu shiga.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya ka nutsu. Samun shiga daban, zama wanda ba a son rabuwa da shi daban. Dole ka mallaki wani abu guda wanda in an ambace shi a ofis sunanka zai fara zuwa. Mafi sauƙin kamawa ga sabon shiga shine alƙaluma da bidiyo, saboda aiki ne mai cin rai kuma mutane suna gudunsa. Koyi manhajojin nazarin wasa irin su DataVolley da VolleyMetrics na kamfanin Hudl, ka iya shigar da kowace taɓa ƙwallo a kwamfuta ana cikin wasa ba tare da ka kalli madannai ba. Ka san yadda ake auna mai duka, a ɗauki dukan da ya ci maki a cire kurakurai a raba da yawan gwaji, wadda take kai .300 ta yi ƙoƙari sosai. Ka san yadda ake ba karɓar sabis maki daga 0 zuwa 3, da kashi nawa ƙungiyarku ke karɓe maki idan abokan hamayya ne ke sabis, kuma a wane juyi cikin juyi 6 da 'yan wasa ke yi suna canza gurbi a fili kuke zubar da maki. Amma fa lambobin kaɗai basu isa ba, kowa zai iya buga takarda shafi 20 ya ajiye wa koci a tebur. Gwanin shine wanda zai zo ya ce mai saitinsu in ƙwallo ta ja ta baya kusan kullum hagu take turawa, mu tura masu tarewa can tun da wuri. Jimla ɗaya da 'yar wasa zata iya tunawa ana 23 da 23, ita ake biyan ka dominta. In kuma kai ba mutumin kwamfuta bane to ka zama gwanin horar da masu saiti, wato masu ɗaga wa mai duka ƙwallo, ko masu tsaron baya da libero, wato 'yar tsaron baya ta musamman mai riga daban, ko sabis, ka karance shi har ƙasa.

Ka kuma san dokokin wasan jami'a don sun bambanta da na duniya. Ragar dai tsayinta ɗaya ne, mita 2.24. NCAA ta koma tsarin kowace ƙwallo maki a 2001, ta kawo libero a 2002, ta rage zagaye daga maki 30 zuwa 25 a 2008, a 2024 kuma ta sassauta a kan taɓawa biyu a bugu na biyu in dai ƙwallon ga abokiyar wasa aka tura ta. Babban bambancin shine canji, a jami'a an daɗe ana barin har 15 a zagaye ɗaya alhali a wasan duniya 6 aka saba, shi yasa zaka ga ƙananan 'yan wasa masu tsaron baya kawai suna shiga suna fita, kuma wanda ya taso da tsarin duniya sai ya sake tunaninsa gaba ɗaya.

Sai zawarcin 'yan wasa, wanda shine rabin aikin in ma bai fi ba. Kowane irin iya koyarwa gareka in baka kawo yara masu kyau ba za a sallame ka. Daga Janairu zuwa Yuli mataimaka suna yawo ne daga wannan babban zaure zuwa wancan, fili sama da 100 a ƙarƙashin rufi ɗaya, busar alƙalai ta ko'ina, kana tsaye tun safe kana kallon 'yan shekara 15 da 16, irin gasar AAU da ake yi a Orlando da ta ƙasa ta USA Volleyball. Kar ka tsaya kan tsayi da tsalle kawai, wannan kowa yana gani. Kalli abinda take yi bayan ta yi kuskure, kalli fuskarta in an zaunar da ita a benci, ji yadda take amsa wa kocinta da iyayenta bayan an cinye su. A rukuni na ɗaya ba a yarda ka tuntuɓi yarinya ba sai 15 ga Yuni bayan ta gama shekara ta biyu a babbar sakandare, ziyarar makaranta kuma daga 1 ga Agusta, kuma dan Allah kar ka yi wasa da wannan, saƙon waya ɗaya a lokacin da bai dace ba zai iya ja wa makarantar hukunci ya ɓata maka suna. Ka yi abota da ofishin da ke kula da bin doka a sashen wasanni, duk abinda ka yi shakka ka tambaye su kafin ka aikata. Haka dokar awa 20 a sati ta atisaye da wasa a lokacin kaka, da hutun kwana ɗaya a sati, ba ado bane.

Harkar ta ƙara rikicewa a 'yan shekarun nan. An buɗe kundin sauya sheƙa a 2018, a 2021 aka bar 'yan wasa su koma wata makaranta ba tare da zaman shekara ba, a shekarar kuma aka basu damar samun kuɗi da sunansu da hotonsu, sannan a 2025 aka amince da sulhun shari'ar House, ƙarar da 'yan wasa suka kai NCAA, wanda ya ba makarantu damar biyan 'yan wasa kai tsaye, aka cire tsohon ƙa'idar sikolashif 12 ga waɗanda suka shiga tsarin aka sa iyakar 'yan wasa 18. Ma'ana yarinyar da ka sha wahala ka kawo, duk Disamba sai ka sake shawo kanta ta zauna. Kocin da ke mulki da tsawa da tsoratarwa kwanansa ya ƙare, kuma ni ban ga abin baƙin ciki a nan ba, waɗannan 'ya'yan mutane ne masu shekara 18 zuwa 22 da suka bar gida karon farko, amana ce a hannunka kafin komai.

Wajen zaɓar aiki, ka duba wanda zaka yi aiki a ƙarƙashinsa fiye da sunan makarantar. Tambayi mataimakansa na baya ina suke yanzu, sun ci gaba ko sun bar harkar? Yana barin mataimaki ya jagoranci atisaye ko sai dai ka tsaya kana jefa ƙwallo? Cook a ƙarƙashin Pettit ya goge, ya je ya riƙe Wisconsin daga 1992, amma a 1999 ya ajiye kujerar ya dawo Nebraska a matsayin na biyu don ya gaji maigidansa. Craig Skinner a ƙarƙashin Cook ya yi mataimaki kafin ya tafi Kentucky inda ya ci kofin kakar 2020. Katie Schumacher-Cawley ta yi shekara 8 tana babbar koci a UIC ta Chicago, ta yi shekara ɗaya a jami'ar Pennsylvania, sai ta koma mataimakiya a ƙarƙashin Rose a 2018, wasu zasu ce ta ja baya, amma da Rose ya tafi ita aka ba Penn State. Wani lokacin saukowa mataki ɗaya a wurin da ya dace ya fi kujera a wurin da ba za a baka kayan aiki ba.

Ke kuma 'yar'uwa, wannan sashen naki ne. Lokacin da aka kafa dokar Title IX, mai hana nuna bambancin jinsi a makarantu, a 1972 sama da kashi 90 na ƙungiyoyin mata a jami'o'i mata ne ke horar da su, da kuɗi da daraja suka shigo sai maza suka cika wurin har adadin ya faɗi ƙasa da rabi. NCAA ta fara gasar ƙwallon raga ta mata a 1981, amma sai Disambar 2024 aka samu mace ta farko da ta ɗaga kofin rukuni na ɗaya a matsayin babbar koci, shekara 43 fa, a wasan da mata ke bugawa. Schumacher-Cawley ce, kuma ta yi hakan tana tsakiyar jinyar kansar mama. Wadda ta kara da ita a ranar ma mace ce, Dani Busboom Kelly ta Louisville, wadda ta ci kofi tana 'yar wasa a Nebraska a 2006, ta yi mataimakiya a Tennessee da Louisville da Nebraska, ta karɓi Louisville a 2017, yanzu kuma ita ta gaji Cook. Kafin su akwai Mary Wise da aka ba Iowa State tana da shekara 21 kacal a 1981, ta riƙe Florida daga 1991 har 2024, ita ce mace ta farko da ta kai ƙungiya wasan ƙarshe na rukuni na ɗaya a 2003. Shawarata gareki, kar ki yarda a kulle ki a matsayin mai lallashin yara da zawarci kawai, domin haka ake yawan yi wa mataimaka mata, namiji yana riƙe da dabarun wasa ke kina riƙe da waya da hawaye. Ki nemi a baki tsaron baya ko harin gaba ki jagoranta, ki yi magana a lokacin hutun rabin wasa, kuma in kujera ta buɗe ki nema ko da kina ganin saura kaɗan ki cika sharuɗɗan. Akwai ƙungiyar WeCOACH da aka kafa don mata masu horarwa, ki shiga. Maganar aure da haihuwa kuma ki tambaya ƙarara tun a intabiyu, yaya hutun haihuwa yake, ana barin yaro ya bi tafiya, amsar da zasu baki zata nuna miki irin mutanen.

Wanda ba ɗan Amurka ba shima yana da hanya, Hugh McCutcheon ɗan New Zealand ne, ya zo ya buga wa BYU, ya ci zinare da mazan Amurka a Olamfik ta 2008 da azurfa da matansu a 2012, sannan ya riƙe Minnesota. Sai dai maganar biza tana da nauyi, ba kowace makaranta ce zata ɗauki ɗawainiyar nema maka izinin aiki ba, shi yasa shiga ta hanyar karatun digiri na biyu ta fi sauƙi.

Kar in ɓoye maka wahalar. Mutane sun ga 'yan kallo 92,003 da suka cika filin Nebraska don kallon ƙwallon raga ta mata ranar 30 ga Agustan 2023 sai suke zaton ko'ina haka ne, alhali yawancin kociyoyi a ƙananan zaure suke aiki, albashin farko ƙanƙani ne, daga Agusta zuwa Disamba baka da ƙarshen sati, kuma in aka sallami babban koci yawanci har da kai za a tafi ko baka yi laifin komai ba. Zaka yi ƙaura daga jiha zuwa jiha fiye da yadda kake so, don haka ka zauna da iyalinka ku yi maganar tun kafin ka fara.

Ranar da aka kira ka intabiyu na babban koci, ka sani daraktan wasanni ba lallai ya san juyi 6 ba, abinda yake so ya ji shine zaka iya riƙe kasafi, yara zasu gama karatu, ba zaka jawo masa abin kunya ba, kuma daga ina zaka samo 'yan wasa. Ka je da tsarin kwana 90 na farko a rubuce, da sunayen kulob-kulob na yankin da ka riga ka san masu su, da bayanin wasannin ƙungiyar na bara waɗanda ka kalla da idonka. Kai ma ka yi tambaya, sikolashif nawa ake biya da gaske ba wanda ke kan takarda ba, mataimaka nawa zasu baka, wa kuke raba zaure da shi kuma wa ke da lokacin atisaye mai kyau, me ya kori wanda ya gabace ka. In jami'ar gwamnati ce kwantiragin kociyoyi yawanci a buɗe yake ga jama'a, ka nemo na sauran makarantun rukuninsu ka karanta kafin ku zauna maganar albashi, kuma duk alƙawarin da aka maka da baki ka ce a saka shi cikin kwantiragin kafin ka sa hannu.